Jan Taru a Kochi

Takardar otal ta ce: bi hagu, wuce tsohuwar coci,
wuce bishiyar da ta binne gwamnoni uku,
za ka iske abin da ake ƙetaro teku don a gani.
Na bi hagu. Hanci ya riga ido isa:
ƙarnin kifi, baƙin mai, citta da aka shanya a wani soro.

Sai ga su a jere a bakin ruwa,
dogayen itatuwa sun sunkuya
kamar raƙuman dawa da ƙishi ya kawo gulbi,
kowanne da taru a baki,
a bayansa duwatsu na reto a igiya,
manya, masu sulɓi, hannaye sun cinye musu kaifi.

Wani tsoho ya yafito ni. Ouseph, in ji shi, yana dukan ƙirji.
Zane ɗaure a ƙugu, haƙoran gaba sun yi ƙaura.
Ya miƙo min igiya, ya ɗaga yatsu biyu:
rupi ɗari biyu, in ja tare da su.

Mu shida muka ja.
Su suna rera wani abu, ni nishi kawai.
Igiyar kwakwa ba ta san baƙo ba,
ta ci tafin hannuna kamar tana bi na bashi.
Duwatsu suka sauko ɗaya bayan ɗaya,
itace ya yi kuka, ruwa ya buɗe,
taru ya fito yana tsiyaya, faɗinsa ya kai ɗaki.

A ciki: kifi uku, ba wanda ya fi tafin yaro,
robar lemo, takalmi wari guda,
da kainuwa, ita da ba a gayyata.
Kafin a kai hannu hankaka ya rage mana lissafi.

Na ji kunya kamar ni na kori kifin.
Ouseph ya yi dariya har da riƙe ciki.
Ya nuna ƙetare, inda ƙarafan sabuwar tasha
ke ɗaga akwatuna kamar buhun auduga,
ya nuna ruwan, ya girgiza kai,
sannan ya nuna ni, ya nuna aljihuna,
ya harhaɗa Turancinsa guntu-guntu:
"Zamanin babana, kifi. Yanzu, kai."

A layin baya rumbunan masoro sun koma wurin shan gahawa.
Sikelin da ya auna arzikin jiragen ruwa
an rataye shi, an dasa masa fure.
Na sha kofi ɗaya a kuɗin jan taru biyu.
Har yanzu ban sami inda zan ajiye wannan lissafin ba.

Thankamma mai suya ta zaɓa min kifi babba,
ta shafe shi da jan yaji, ta tsoma a mai.
Na nuna tarun: daga can?
Ta dube ni irin duban da ake wa yaro,
ta nuna motar ƙanƙara da ke fake bayan shago.

Da magariba motocin baƙi suka kwashe nasu.
Masu sayar da giwayen katako suka naɗe tabarmi.
Na dawo neman hular da na manta,
na tarar da su biyar ɗin, ba mai kallo, ba mai biya,
sun sake sakin taru cikin ruwan da ya fara cikowa.
Ba waƙa wannan karon.
Ouseph na tsugune a kan gungume, idonsa a kan igiya.
Bai gan ni ba, ko ya gan ni bai ga dalilin juyowa ba.

Ban ɗaga waya ba.
Na tsaya har duwatsun suka fara saukowa,
na tafi kafin in ga abin da ya fito.

Hotuna arba'in da ɗaya na kawo ɗaki.
Bororon tafina ya kwana yana zugi,
shi kaɗai ya ƙi yarda an gama yawon.